Darasi Na 9: Alkama Da Ciwon Ciki, Yaushe Ya Kamata A Je Gwaji?

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: faifai biyu, guntun burodi, taliya, fulawa kaɗan, gero, dawa, masara, shinkafa, wake, da tsakuwa ko ƙwallon dabino.

Manufar darasi. In an tashi, kowace mace za ta iya:
1. Faɗin abincin da ke da alkama da wanda ba shi da ita.
2. Gane alamun da suka isa a je gwaji da waɗanda ba su isa ba.
3. Bin matakai daga mai sauƙin kuɗi zuwa mai tsada.
4. Tuna ƙa'ida ɗaya: ba a daina cin alkama kafin a yi gwaji.

Gabatarwa

'Yan uwa mata, iyayenmu da ke zaune a nan za su ba da shaida. Da can alkama abincin biki ce da salla: alkaki a gara, funkaso, alkubus, taliyar murji in an yi babban baƙo. Sauran kwanaki kuwa fura ce da tuwon dawa da kunun gero. Yanzu fa? Ki shiga kowane ƙauye a Baure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa, za ki tarar da mai shayi da burodi. Yara na sayen fanke da cincin a makaranta, a gida a dafa Indomie ko taliyar leda don ta fi saurin nuna kuma ba ta cin itace.

Da alkama ta yawaita, sai magana ma ta yawaita. Wata ta ji a waya cewa fulawa ce ke kawo kowane ciwon ciki. Wata an ce mata ta tafi Kano a gwada ta. Wata ta hana ɗanta burodi, ga shi har yanzu zawo bai tsaya ba. To, tafiya gwaji kuɗi ne, kuma kuɗin nan gumin ku ne, daga ƙuli-ƙuli da awara da kiwon akuya kuka tara shi. Ƙin zuwa kuma, in ciwon na gaske ne, yana iya tsumburar da yaro ko ya ƙarar da jinin uwa. Shi ya sa za mu zauna mu koyi yadda ake yanke wannan shawara da hankali.

Aiki na farko: faifai biyu (minti 10)

Mai gudanarwa ta ajiye faifai biyu a tsakiya. Mata su riƙa ɗaukar kayan abinci ɗaya bayan ɗaya suna rabawa.

Faifan alkama: burodi, gurasa, fulawa, taliya, makaroni, Indomie, Semovita, kuskus na leda, fanke, cincin, biskit, alkaki, alkubus, funkason alkama.

Faifan da babu alkama: gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, nono, ƙwai, nama, kifi, ganye da 'ya'yan itace.

Sai a tambaya: ɗanwake fa, wane faifai zai shiga? Za a yi gardama, kuma gardamar tana da amfani. Na garin wake da rogo da kuka babu alkama, amma mata da yawa yanzu suna zuba fulawa. Haka ma wasu masu waina. Ke nan sunan abinci kaɗai bai isa ba, sai an san abin da aka zuba a ciki.

Mene ne gulutin?

In kika kwaɓa fulawa da ruwa, za ki ga tana danƙo tana miƙewa kamar roba. Kwaɓin gero ko na masara ba ya yin haka, gutsurewa yake yi. Abin da ke ba fulawa wannan danƙon shi likitoci ke kira gulutin. Yana cikin alkama da sha'ir. Shi ke sa burodi ya tashi ya yi laushi.

Yawancin mutane suna cin sa lafiya lau har tsufansu. Kaɗan ne jikinsu ba ya shiri da alkama, kuma su ma kashi uku ne. Ku riƙe su da kyau don maganinsu ba ɗaya ba ne.

*Na ɗaya, cutar siliyak.* Cikin ƙaramin hanjinmu akwai wasu 'yan ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Mai wannan cuta, duk lokacin da ta ci alkama, sojojin jikinta sai su far wa hanjin nata, tsiron nan su kwanta su shafe. Sai ta ci abinci ta ƙoshi amma jiki bai samu ba. Kamar ki yi ta zuba ruwa a randa mai yoyo. A duniya, kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita. Tana bin jini: in an tabbatar wa mutum, to cikin iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 na iya samun ta. Wannan tana da gwaji.

*Na biyu, borin jini na alkama.* Wannan ba ya ɓata lokaci. Cikin mintoci ko 'yan awoyi bayan an ci, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi, leɓe ko ido ya kumbura, wani har numfashi ya toshe. In numfashi ya fara wuya, ba a jiran maigida ya dawo daga gona, asibiti ake nufa nan take.

*Na uku, rashin jituwa kawai.* Mutum ya ci alkama ya ji kumburin ciki, iska, kasala, amma in an duba hanjinsa lafiya yake. Wannan ba shi da wani gwajin jini da ke nuna shi. Likita kan gane shi ne bayan ya tabbatar ba na ɗaya ba ne ba kuma na biyu ba.

Ai ciwon Turawa ne, in ji wasu

A Turai aka fara gano dalilin cutar. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, da burodi ya yi wuya sai yaran da ke fama da wannan zawon suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. A 1950 ya fitar da bincikensa.

Amma a nahiyarmu ta Afirka aka samu ɗaya daga cikin adadi mafi yawa a duniya. A 1999 an wallafa binciken da aka yi wa yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaman gudun hijira a Aljeriya, aka tarar kashi 5.6 cikin 100 suna da ita, wato sama da yaro 1 cikin kowane 20. Mutane ne da garin alkama na agaji ya zama babban abincinsu. Don haka cutar ba ta duba launin fata. Abin da ya kamata mu ɗauka a nan shi ne: tana nan, amma ba ita ce ta fi yawa ba.

Me ya fi kawo ciwon ciki a wajenmu?

Mai gudanarwa ta bari mata su lissafa da bakinsu, sannan ta cike:
- Tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta daga ruwan rijiya ko tafki marar tsabta.
- Atini da taifot.
- Gyambon ciki, wanda muke kira olsa.
- Shan maganin ciwon jiki na kemis barkatai ba tare da an ci abinci ba.
- Tamowa ga yara, da zazzaɓin cizon sauro mai shanye jini.
- Madara. Manya da yawa cikinsu ba ya ɗaukar madara. Ki lura, burodin nan da shayi mai madara ake cin sa. Sai a ɗora wa burodi laifi alhali madarar ce.
- Wake, albasa da yaji mai yawa su ma suna kumbura ciki.

Duk waɗannan ana iya duba su kusa da gida, da kuɗi kaɗan. In akuyarki ta ɓata, ai bayan gida kike fara dubawa kafin ki hau mota zuwa kasuwar Mai'aduwa.

Alamun da ke sa a yi tunanin siliyak

Ga yaro:
- Zawo da ya wuce wata ɗaya, ko yana tafiya yana dawowa, bayan an ba da maganin tsutsa da na zawo.
- Kashi mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da wari fiye da ƙima.
- Ciki ya yi tulu, ɗuwawu da cinyoyi sun zube.
- Abin ya fara ne bayan an soma ba shi burodi, biskit ko taliya.
- Yana ci, gidan ba yunwa, amma awo ba ya hawa kuma sa'o'insa sun fi shi tsawo nesa.

Ga babba:
- Ƙarancin jini da ba ya gyaruwa ko an sha maganin ƙarin jini wata da watanni.
- Zawo ko kumburin ciki na dogon lokaci tare da rama.
- Gyambon baki mai yawan dawowa.
- Ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da ɗuwawu.
- Ɓari a kai a kai ba a san dalili ba.
- Ciwon sukari irin na yara, wanda ake yi wa allurar insulin.
- An taɓa tabbatar wa uwa, uba, ɗa ko ɗan'uwa na ciki ɗaya.

Alama ɗaya tak ba ta tabbatar da cutar. In biyu ko uku suka haɗu kuma suka daɗe, nan ne za a buɗe ido.

Alamun da ba a jira

Jini a bayan gida ko kashi baƙi ƙirin, aman jini, abinci ya riƙa tsayawa a wuya, rama mai sauri, kumburin ƙafa ga yaro, idon yaro ya faɗa ya kasa shan ruwa ko nono. Waɗannan ba maganar alkama ba ce, maganar rai ce. A ba yaro ruwan gishiri da sukari a hanya, a tafi asibiti ranar.

Matakai huɗu

*Mataki na 1: ki lura, mako biyu.* Kada ki canza abinci. Ki samu gwangwani biyu. Duk ranar da aka ci alkama kuma ciki ya tashi, jefa tsakuwa a na dama. Ranar da ciki ya tashi ba a ci alkama ba, jefa a na hagu. Mai iya rubutu, da boko ko da ajami, ta rubuta abin da aka ci, ko ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata. In gwangwanayen biyu sun yi kusan daidai, da wuya alkama ce. Wannan mataki ko sisi ba ya ci.

*Mataki na 2: asibitin kusa.* Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ko Babban Asibitin Daura. A duba bayan gida, a duba yawan jini, a duba zazzaɓi, a auna nauyin yaro da damtsensa. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya abin da gwangwanayenki suka nuna. A sha maganin da aka rubuta har ya ƙare. Yawancinmu a nan matsalar za ta tsaya.

*Mataki na 3: gwajin jini na siliyak.* In an yi magani, an gama, alamu na nan, sai ki roƙi likita ya duba ko siliyak ce. Sunan gwajin tTG-IgA. Mai gudanarwa ta rubuta shi a takarda ga duk mai bukata. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, don haka likita zai ba ki takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko wani ɗakin gwaji da ya amince da shi.

*Mataki na 4: duba hanji.* In jini ya nuna, likitan ciki kan zura wani siririn bututu mai kyamara ta baki, ya ɗebo ɗan ƙanƙanin abu daga hanji a duba. Ba yanka ba ne, kuma yawanci ranar ake komawa gida. Shi ke tabbatar da cutar, musamman ga manya.

Babbar ƙa'ida: kada a daina ci kafin gwaji

Nan ne kuɗi ke salwanta. Gwajin jinin yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da alkama ne. In kika daina ci wata biyu, faɗan ya lafa, hanji ya fara warkewa, sai gwaji ya ce lafiyarki ƙalau alhali cutar na nan. Kin biya mota, kin biya gwaji, kin dawo da amsar da ba daidai ba. Wadda ta riga ta daina, likita kan ce ta koma ci kullum na kimanin mako shida kafin a ɗebi jini. Don haka tsarin shi ne: gwaji tukun, sannan ƙaura wa alkama. Banda mai borin jini: ita kada ta sake ci sai ta ga likita.

Ku yi hattara kuma da masu yawo da na'ura a jaka, a ce ki riƙe wani ƙarfe kwamfuta ta faɗi duk cututtukan jikinki, daga nan a sayar miki da magani mai tsada. Wannan na'ura ba ta iya gano siliyak. Babu kuma wani ƙulli ko jiƙo da ke warkar da ita.

Lissafin kuɗi (minti 10)

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fita, a bugi waya ko a aiki ɗan'uwa da ke birni ya tambayo: ana yin gwajin? Nawa ne? Wace rana ake ganin likitan ciki? Sai a cike wannan tare:

- Kuɗin mota, zuwa da dawowa, mutum biyu: ₦______
- Kati da ganin likita: ₦______
- Kuɗin gwaji: ₦______
- Abinci da kwana in ya kama: ₦______
- Komawa karɓar sakamako: ₦______
- Cinikin da za a rasa a kwanakin: ₦______

Daga ina kuɗin za su fito? A fara da maigida, don lafiyar iyali nauyinsa ce. Wadda ke da rajistar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina ta tambayi abin da katinta ya ɗauka. Sannan asusun taimako na ƙungiya, bisa dokar da kuka rubuta da kanku. Rance shi ne na ƙarshe, saboda rance daga ribar sana'a ake biyan sa, gwaji kuwa ba ya kawo riba. In babu alamar gaggawa kuma rabon ƙarshen zango ya kusa, ana iya tsara tafiyar ta dace da shi. Amma yaron da ke ramewa ba ya jiran rabo. Kada kuma a sayar da uwar akuya don mataki na 3 alhali ba a yi na 2 ba.

Wasan kwaikwayo (minti 10)

Mata biyu su fito, ɗaya babba ɗaya ƙarama.

Ƙarama: Inna, ina wuni? Ni fa yaron nan ya hana ni barci. Wata uku ke nan zawo, ga ciki kamar tulu.
Babba: Subhanallahi. Kin kai shi asibiti, 'yar nan?
Ƙarama: Sau biyu, Inna. An duba kashinsa, an ba shi maganin tsutsa, ya shanye. Bai canza ba. Jiya maƙwabciyata ta ce in hana shi burodi kawai.
Babba: A'a, dakata. In kin hana shi yanzu, gwajin ba zai nuna gaskiya ba. Ki koma wajen likita da katinsa, ki ce a duba maganar alkama. Kin gaya wa babansa?
Ƙarama: Ina jin nauyi, Inna. Zai ce kuɗi.
Babba: Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, ga katin awon yaron nan, wata uku bai ƙaru ba, ga kuma lissafin abin da tafiyar za ta ci." Namiji ya fi jin magana in ya ga lissafi. Ranar zubi kuma ki kawo maganar gaban ƙungiya.

Tambayoyi: Wane mataki ƙaramar ta riga ta yi? Da a ce ba ta taɓa zuwa asibiti ba, me Inna za ta ce mata? Da a ce kumburin ciki ne kawai sau ɗaya bayan biki, tana bukatar gwaji?

In sakamako ya fito

In an ce siliyak ce, maganinta ɗaya: barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa, ko da an ji sauƙi. Yara kan fara murmurewa cikin makonni, hanjin babba kan ɗauki lokaci mai tsawo. Mu kam Allah ya yi mana gata, domin fura, tuwon dawa, tuwon masara, tuwon shinkafa, dambu, ƙosai, alale da kunun gyaɗa duk babu gulutin. A Turai da Amurka kuɗi masu yawa ake biya don samun irin wannan abinci. Abin kula shi ne gauraya: injin da ya niƙa alkama, man da aka soya fanke a ciki, rariya da muciyar da suka taɓa fulawa. A karanta bayan leda kafin a sayi kayan kanti. A sanar da malaman makarantar yaro da kakanninsa, kada tausayi ya sa a miƙa masa biskit a ɓoye. A kuma tambayi likita game da gwada 'yan'uwansa.

In an ce ba ita ba ce, kuɗinki bai faɗi banza ba. Kin huta da zargi, yaronki zai ci abin da 'yan'uwansa ke ci, likita kuma zai nemi dalilin a wani wuri. In har yanzu kina jin alkama na damun ki, yanzu ne za ki iya barin ta na 'yan makonni, ki sake ci, ki ga bambanci. Mai ciki da mai shayarwa kada su rage abinci sai da shawarar wajen awo.

Abin da za a tafi da shi gida

Mai gudanarwa ta faɗa, mata su maimaita:
1. Yawancin ciwon ciki ba daga alkama yake ba.
2. A fara da asibitin kusa.
3. In magani ya ƙare ciwo bai ƙare ba, a nemi gwaji.
4. Gwaji tukun, sannan a bar alkama.
5. A yi lissafi kafin a hau mota.

Aikin mako: kowace mace ta ƙirga sau nawa aka ci alkama a gidanta kafin zama mai zuwa. Shugaba da ma'aji kuma su karanto wa ƙungiya abin da dokarku ta ce game da fitar da kuɗin asusun taimako don gwajin asibiti. In dokar ba ta ce komai ba, a sa shi cikin abin da za a tattauna. Abin da wata ta faɗa game da lafiyarta a wannan zama amana ce, a nan zai tsaya. Allah ya ba mu lafiya da zuri'armu baki ɗaya.